Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Rayuwarsa da Yadda Adabi Ya Siffanta Dabararsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tun daga tasowarsa a Ɗegel har zuwa rasuwarsa a ribaɗin Wurno a shekarar 1837, tare da duba yadda marubuta suka zana hotonsa a matsayin mutum mai kaifin basira da iya sauya salo gwargwadon halin da ya samu kansa. An auna wannan hoto da na taurari masu wayo da aka saba da su a adabin Hausa, wato Gizo da dila da takwarorinsu na rubutaccen zube. Abin da ya bayyana shi ne, adabin yana raba wayo da hikima ne ta hanyar duba wanda ya ci moriyar dabarar. Da wannan ma'auni makusantan Bello suka rubuta tarihinsa, kuma shi ya tsara musu abin da za su fito da shi fili da abin da za su taƙaita.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana sha'awar tauraro mai dabara, amma bai taɓa sakin jiki da shi ba. A tatsuniya Gizo ne kan gaba. Ba shi da ƙarfin giwa ko na dorina, sai dai yakan haɗa su faɗa ya koma gefe ya kwashe riba. Yakan sauya kama da murya, ya yi rantsuwa a kan ƙarya, kuma duk inda aka bi diddigin dabararsa sai a tarar cikinsa take yi wa aiki. Dila, wanda ake yi wa laƙabi da malamin daji, ya ɗan fi shi mutunci, domin wani lokaci yakan yi amfani da wayonsa ya ceci mai rauni. A zauren karatu kuma, ɗaliban ƙasar Hausa sun san Abu Zaidi na Muƙamar Hariri, mai fasahar harshe da ke shiga kowane gari da sabuwar shiga don ya raba mutane da kuɗinsu. Da rubutaccen zube ya zo, Abubakar Imam ya ci gaba da wannan gado: Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja (1934) suna gasar yi wa juna ƙeta, alhali akun Magana Jari Ce ya sa hikimarsa wajen tsare ɗan sarki daga makircin waziri, har aka saka masa da wazirci.

Daga nan ake gane cewa harshen kansa ya ware kalmomi biyu. Wayo abin tuhuma ne, hikima kuwa abin yabo ce, ga dabara a tsakaninsu tana iya karkata kowane ɓangare. Matsalar da ke fuskantar duk marubucin da zai siffanta shugaba na haƙiƙa mai dabara ita ce yadda zai nuna ƙwarewarsa ba tare da mai sauraro ya hango inuwar Gizo ba. Rayuwar Muhammadu Bello fage ne da ya dace a duba wannan matsala, domin ya yi rayuwa mai yawan juyi, kuma mutane mabambanta da suka gan shi ido da ido sun bar rubutu a kansa.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, daidai da 1195 ta Hijira. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka, ita ce kuma ta haifi ƙanensa Abubakar Atiku. Laƙabin Bello daga Fulatanci yake, ana fassara shi da mataimaki, kuma rabin farko na rayuwarsa ya tafi ne a kan wannan ma'ana.

Ya tashi a Ɗegel, a cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu ya zama abincin yau da kullum ga maza da mata. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo da wasu malaman jama'ar Shehu. Ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi da tafsiri, sannan ya leƙa fannonin da ba kowane malami ke damuwa da su ba, irin su ilimin magani da na taurari da tarihin ƙasashe. Wannan faɗin karatu shi ya zama jarinsa daga baya, a duk lokacin da wani lamari ya zo masa ta fuskar da ba a saba ba.

Shekarunsa ba su wuce ashirin da uku ba lokacin da dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Saurayin da ya saba da allo da tawada ya wayi gari yana cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin tsare rayukan dubban masu hijira. Wannan shi ne juyi na farko a rayuwarsa.

3.0 Shekarun Jihadi

Nasarar Tabkin Kwatto ta watan Yuni 1804, wadda Abdullahi ya jagoranta, ba ta kawo sauƙi nan take ba. A ƙarshen shekarar jama'a ta sha mummunan kaye a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka kwanta dama. Yunwa ta tilasta musu komawa Zamfara, daga can suka gangara Gwandu, aka kuma sake yi musu ɓarna a Alwasa a ƙarshen 1805. A cikin waɗannan shekaru na ƙunci Bello ya koyi yaƙi a aikace. Ya gane cewa abinci da makiyaya da amincin maƙwabta suna yanke hukuncin yaƙi tun kafin a zare takobi.

A wannan tsakani ne Shehu ya wakilta shi zuwa Birnin Gada domin ya gana da jagororin jama'a na ƙasashen gabas, irin su Katsina da Daura, ya isar musu da saƙonsa, ya kuma karɓi mubaya'arsu a madadinsa. Yawancin mutanen sun girme shi. Aikin yana buƙatar ladabin ɗa da kuma tsayuwar wakili a lokaci guda, kuma sanayyar da ya ƙulla da su a can ta yi masa rana bayan shekara goma sha biyu, lokacin da ya nemi su yi masa biyayya a matsayin Sarkin Musulmi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta gagari jama'a a yunƙurin farko. Sai a watan Oktoba na 1808 rundunar da Bello ya jagoranta ta ci birnin, aka kashe Yunfa. A shekarar 1809 ya soma gina Sakkwato a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato. Lokacin da Shehu ya raba kulawar ƙasa a 1812, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas.

4.0 Alƙalami da Jayayya

A wannan shekara ta 1812 Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau ake komawa gare shi kan tarihin jihadin. A nan ne ya fara zana hoton kansa da hannunsa, kuma ya yi hakan ta hanyar da ke nuna irin tunaninsa. Ya shigar da wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno a cikin littafin, duk da cewa su ne suka fi kowane rubutu na wancan zamani sukar jihadin. Hujjar al-Kanemi ita ce mutanen Barno Musulmi ne, kuma aikata saɓo ko bin wasu al'adu ba ya fitar da mutum daga Musulunci, in ba haka ba da babu ƙasar da za ta tsira.

Hujja ce mai nauyi, kuma Bello bai yi kamar bai ji ta ba. A amsoshinsa ya karkatar da ƙarfin muhawarar zuwa wani wuri daban: cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'ar Musulmi, kuma wannan jiɓintar ita ce ta halatta yaƙarsu. Mai nazarin adabi zai lura da abu biyu a nan. Na farko shi ne iya sauya fagen daga idan na farko ya yi santsi. Na biyu kuwa shi ne barin maganar abokin gaba a rubuce domin na baya su auna da kansu. Tauraron tatsuniya yakan ci nasara ne ta hanyar ɓoye abin da ya sani. Bello ya zaɓi ya baje hujjar ɓangarorin biyu a faifai, ko da yake shi ne mai riƙe da alƙalamin, kuma kalmar ƙarshe tasa ce.

5.0 Gadon Shehu

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Riwayar da ta shahara ta nuna cewa Abdullahi ya taso domin ya shigo birnin, ya tarar an rufe ƙofa. Sanyin dangantaka ya shiga tsakanin baffa da ɗa na wasu shekaru, a daidai lokacin da tawaye ya tashi ta kowace kusurwa.

Mafi hatsarin tawayen shi ne na Abdussalami, malami Ba'are wanda ya daɗe cikin almajiran Shehu, wanda kuma harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana yana daga cikin musabbaban hijira. Yana zaune a Kware, kusa da Sakkwato, yana ganin rabon da aka ba shi bai kai hidimarsa ba, yana kuma zargin wasu manyan jama'a da zalunci. Bello ya fara da wasiƙu da lallashi. Da abin ya ƙi, ya kai yaƙi, Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Bayan haka Bello ya rubuta Sardul Kalami, inda ya jera abin da ya gudana tsakaninsu tare da wasiƙun da suka yi musaya. Littafin kariyar kai ne, yana nuna shugaba mai haƙuri wanda bai zare takobi ba sai da hanyoyi suka ƙare. Duk da haka, ta cikinsa ne koke-koken Abdussalami suka iso ga na baya.

Saɓaninsa da Abdullahi kuwa ta wata hanya ya warware shi. Ragowar mutanen Abdussalami sun taru a Kalambaina, a ɓangaren Gwandu, suka gagari Abdullahi. Bello ya ɗauki runduna ya kai wa baffansa gudummawa, aka ci garin. Riwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yi haramar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Masu ba da tarihi suna son wannan labari domin ya haɗa abin da ke da wuyar haɗuwa: ɗa bai zubar da ladabi ba, sarauta kuma ba ta sunkuya ba.

6.0 Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, jami'in sojan ruwa na Birtaniya, ya iso Sakkwato, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Bayanin tafiyarsa, wanda aka buga a Landan a 1826, shi ne hoton Bello na farko da alƙalamin bare ya zana. Ya siffanta shi da mutum mai kwarjini da yawan tambaya. Bello ya tambaye shi game da tsofaffin ɗariƙun Kirista irin su Nasɗuriyya har baƙon ya rasa amsa. Ya duba na'urorin da ya zo da su, ya ambaci sunayen taurari da Larabci. Ya nemi a aiko masa da likita da wakilin ciniki. Ya kuma tayar da zancen yadda Ingilishi suka mallake Indiya, abin da ya nuna yana sane da inda cinikin Turawa kan ƙare. Da Clapperton ya nemi wucewa zuwa Yawuri da Nufe domin ya ga Kwara, sai aka nuna masa hatsarin hanya cikin lafazi mai daɗi, har ya haƙura ya koma ta inda ya fito.

A zuwansa na biyu, a 1826, ya kawo wa Bello littattafan Larabci, cikinsu har da na Uƙlidis masanin lissafi na Yunan, wanda Bello ya nuna ya riga ya san shi, domin gidansu ya taɓa mallakar kwafinsa kafin gobara ta cinye. Amma a wannan karo ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuma baƙon yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga al-Kanemi. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe wasiƙar da kayan. Daga nan lafazin Clapperton ya sauya, basirar da ya yaba a da ta koma masa saɓa alkawari. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, aka buga littafin tafiyarsa ta biyu a 1829. Mutumin da aka siffanta a littattafan biyu ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne, a karo na biyu dabarar ta faɗa a kan marubucin.

7.0 Ribaɗi: Wurno da Raba da Ƙasar Goronyo

Babbar dabarar mulkin Bello tana kwance ne a gabas da arewa maso gabashin Sakkwato. Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen Gobirawa ba. Sun ci gaba da kawo hari ta kwarin Rima, su da abokansu Azbinawa da Katsinawan Maraɗi. Runduna mai fita da rani ta dawo da damina ba ta isa ta toshe wannan ƙofa ba. Bello ya koma cikin littattafan magabata ya ɗauko tsarin ribaɗi, wato garin tsaro na kan iyaka wanda zama a cikinsa ibada ne, ya yi rubutu a kansa, ya kuma aiwatar da shi.

Ya fara zama a Magariya, daga baya ya gina Wurno a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, ya mayar da ita mazauninsa. Ya rarraba 'ya'yansa da 'yan'uwansa a garuruwan iyaka. Ɗansa Aliyu Babba ya zauna a Shinaka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Goronyo. An kafa Gandi a yankin Raba, ita kuma Raba, da ke bakin gulbin Sakkwato, ta zama mazaunin ɗansa Abubakar, har sunan garin ya bi shi. Ta haka 'ya'yan sarki suka zama masu gadin ƙofa, kuma aka raba su da zaman jiran gado a cikin birni.

Gari ba ya tsayuwa sai da mutane, don haka ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rage dogaro da shanu, su kiwata dawaki da raƙuma, su sa 'ya'yansu karatu. Wannan babban sauyi ne ga mutanen da suka gaji yawo kaka da kakanni, kuma ya kafa musu hujja da nassi domin su karɓe shi a matsayin addini. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibin shugaba ne ya tanadar wa kowane gari manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya kula da ganuwa da kasuwa da hanya. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce kan ciwon ido da basir da amfanin filasko, cikin littattafai sama da ɗari da ake danganta masa. Fadamar da ya zaɓa har yau tana ciyar da jama'a da shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma a kan wannan gulbi ne aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a shekarun 1980.

8.0 Gawakuke da Rasuwa

A shekarar 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Ibra na Azbinawa suka haɗa kai. Bello ya tara rundunar daula ya tsallaka arewa cikin zafin bazara, aka gwabza a Gawakuke. Ali da Rauda suka faɗi a fagen fama. Nasara ce babba, amma an zubar da jini mai yawa, an kuma kama mutane da dama. Gobirawan da suka tsira sun sake kafa mazauni a Tsibiri kusa da Maraɗi, gaba kuma ta ci gaba har bayan zamaninsa. Cikin waɗanda suke tare da Bello a waɗannan shekaru akwai Alhaji Umaru Tal na Futa, wanda ya zauna a wurinsa bayan dawowa daga Makka, ya auri 'yarsa Maryamu.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, daidai da Rajab 1253, yana da shekara hamsin da shida, bayan ya yi shekara ashirin yana sarauta. A can aka binne shi, kuma hubbarensa wurin ziyara ne har yau. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga baya 'ya'yansa huɗu suka hau gadon: Aliyu Babba, wanda Heinrich Barth ya tarar yana mulki daga Wurno a 1853, da Aliyu Ƙarami, da Abubakar na Raba (1873–1877), da Mu'azu. Ta tsatson Abubakar na Raba ne aka sami Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Raba, tattaɓa kunnen mai Wurno.

9.0 Hoton da Makusanta Suka Bari

Mutum biyu da suka fi kowa sanin Bello su suka fara rubuta halayensa, kuma mata da miji ne. Nana Asma'u (1793–1864), ƙanwarsa, ta yi masa marsiyya da Larabci, sannan ta tsara waƙar Fulatanci mai suna Gikku Bello, wato halin Bello. Mijinta Waziri Giɗaɗo ya rubuta Alkashfu wal Bayan kan al'amuransa. Dukansu sun rayu tare da shi a Sakkwato da Wurno, sun ga yadda yake yanke shawara. Asma'u ma abokiyar aikinsa ce ta ilimi, domin littafinsa na nasiha kan salihan mata shi ta mayar waƙa.

Asma'u ba ta ɓoye basirarsa ba, ta nuna shi mutum ne mai gyara abin da ya ɓaci. Sai dai ta kewaye wannan sifa da tsoron Allah da ilimi da kyauta da gudun duniya da kula da baƙo da talaka, ta yadda mai sauraro ba zai ɗauki dabarar ita kaɗai ba. Giɗaɗo ya bi tafarkin littattafan manaƙibi, inda ake jingina nasarar bawan Allah ga taimakon Ubangiji da karama. A irin wannan zubi, abin da masanin siyasa zai kira hangen nesa yakan fito a matsayin haske da aka jefa a zuciya. Alhaji Sa'idu, almajirin Umaru Tal wanda ya rubuta tarihin sarakunan Sakkwato na farko, ya ƙara wani bayani mai muhimmanci: Bello yana ci ne daga abin da ya nema da hannunsa, ba ya taɓa baitulmali don buƙatar kansa, kuma yana sa ido a kan alƙalai, yana warware hukuncin da aka yi bisa son rai.

A nan ne ma'aunin ya fito sarari. Alamar Gizo ita ce kwaɗayi, alamar Abu Zaidi ita ce jakar da yake cikawa kafin ya bar gari. Marubutan da suka tashi da jin tatsuniya da dare da karatun Muƙama da rana sun san cewa da zarar an nuna shugaba yana cin moriyar dabararsa, to ya faɗa wancan aji. Shi ya sa zancen abincin Bello da tufafinsa da hannunsa na kyauta ya sami fili mai yawa a rubutunsu. Da suka toshe ƙofar ciki, sai suka sami damar yabon ƙwaƙwalwa ba tare da fargaba ba.

Wannan zaɓi yana da farashinsa. Hoton da aka gina don koyi ba ya ɗaukar tabo, saboda haka rufe ƙofar Sakkwato da ƙarshen Abdussalami da halin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙe ba su da babban gurbi a cikinsa. Abin lura shi ne, wanda ya fi kowa barin kayan da za a auna shi da su ta ɓangaren da ba na yabo ba shi ne Bello da kansa, ta hanyar adana maganganun masu sukarsa. A ƙarni na 20 E. J. Arnett ya fitar da Infaƙul Maisuri cikin Ingilishi a 1922, Murray Last ya yi nazarin tsarin ribaɗi da wazirci a littafinsa na 1967, Jean Boyd da Beverly Mack kuma suka tattara ayyukan Asma'u a 1997. Waɗannan ayyuka sun sa ana iya jera hotunan gefe da gefe.

10.0 Kammalawa

Muhammadu Bello ya kasance ɗalibi, ya zama jagoran yaƙi, ya zama marubucin tarihi da mai jayayya, ya zama sarki, ya ƙare a matsayin mai gina garuruwan iyaka. A kowane mataki ya sauya hanya ba tare da ya saki manufar da ya gada daga mahaifinsa ba. Clapperton ya ga basirar, ya yabe ta ranar da ta yi masa daɗi, ya zarge ta ranar da ta tare masa hanya. Asma'u da Giɗaɗo da Alhaji Sa'idu sun ga basirar, suka ɗaure ta da taƙawa da tsabtar hannu. Al-Kanemi da Abdussalami sun gamu da ita a matsayin abokan hamayya, kuma muryarsu ta tsira a cikin takardun wanda suka yi jayayya da shi. Mai nazarin taurari masu dabara a adabin Hausa zai amfana idan ya riƙa yi wa kowane hoto tambayoyi biyu da wannan tarihi ya koyar: wa ya ci moriyar dabarar, kuma a wane ɓangarenta mai ba da labarin yake tsaye.